Aikin Canjin Gwiwa: Yadda Za Ku Riga Raɗaɗi Isowa, Daga Allurar Kashe Ƙafa Zuwa Komawa Gida

Yawancin iyayenmu da ke Makka da Jidda da Madina ba sa yarda da aikin canjin gwiwa sai tafiya ta gagara. Guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi, an daɗe ana sallah a kan kujera, Harami kuma sai a keken turawa. Idan ka tambayi dalilin jinkirin, ba ƙarfen da za a sa ba ne abin tsoro, zafin bayan aikin ne. Tsoron yana da tushe, domin wannan aiki na cikin masu raɗaɗi sosai. Sai dai yanzu akwai alluran da ke kashe sashen jiki kaɗai, kuma idan aka san yadda suke aiki da lokacin da suke sakin mutum, kwanakin farko sukan zo da sauƙi ƙwarai. Ga ɗa ko 'yar da za ta kwana da Hajiya ko Baba a asibiti nake wannan bayani, don su ne za su riƙe agogo da takardar magani.

Mataki na farko: zama da likitan sa barci kafin ranar aiki

Likitan ƙashi ne zai yi aikin, amma zafin yana hannun likitan sa barci, wanda a asibitocin nan ake kira duktur takhdir. Kada a ɗauki ganinsa a matsayin cika takarda. Ku tattara duk magungunan da majinyaci ke sha a leda ɗaya ku tafi da su, har da na gargajiya da wanda aka aiko daga Kano ko Damagaram. Idan Larabcin tsohuwa na kasuwa ne kawai, a je da wanda zai fassara mata dalla-dalla.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne magungunan tsinka jini, irin su warfarin, Plavix, Xarelto da Eliquis. Allurar gadon baya ba ta yiwuwa cikin aminci sai an dakatar da su na wasu kwanaki, kuma kowanne da nasa adadin: Plavix kan ɗauki kwana 5 zuwa 7, warfarin wajen kwana 5, Xarelto da Eliquis wajen kwana 3. Likita ne zai faɗi ranar dainawa, musamman ga wanda aka sa wa ƙarfe a jijiyar zuciya. Kada kowa ya daina da kansa. Masu ciwon suga su ambaci Jardiance ko Forxiga, waɗanda ake dakatarwa kwanaki kafin aiki, da allurar Ozempic mai sa abinci ya daɗe a ciki. A faɗi ciwon ƙoda, gyambon ciki, asma, munshari mai tsayar da numfashi, da duk maganin da ya taɓa sa ƙaiƙayi ko kumburi. Wanda ya daɗe yana shan tramadol ko Lyrica ya faɗa ba tare da kunya ba, domin jikin da ya saba da su yana buƙatar wani tsari dabam, ɓoyewa kuwa shi zai wahalar.

Sannan ku yi tambayoyi uku: wace allura za a yi, awa nawa za ta ɗauka kafin ta saki, kuma wane magani aka tanada na lokacin sakin. Amsar ta uku a rubuta ta.

Dokar abinci kafin aiki sananniya ce: awa 6 ba abinci, awa 8 idan mai maiƙo ne, ruwa zalla kuma har zuwa awa 2 kafin shiga. Shayi mai madara abinci ne. Idan asibitinku ya ba da wani lokaci dabam, nasa za a bi.

Mataki na biyu: sanin alluran

Ta farko ita ce ta gadon baya, takhdir nisfi a bakin ma'aikata. Majinyaci zai zauna ya ranƙwafa, a sa siririyar allura a ƙasan baya, ƙasa da inda laka ta ƙare, a zuba maganin da galibi bupivacaine ne. Cikin 'yan mintoci ƙafafu za su yi ɗumi, su yi nauyi, su mutu daga ƙugu zuwa ƙasa. Aikin kansa awa 1 zuwa 2 ne, kuma akan ba da ɗan maganin gyangyaɗi ta jijiyar hannu don kada ƙarar kayan aiki ta tayar da hankali. Bayan awa 2 zuwa 4 motsi zai fara dawowa.

Na san maganar da ke yawo a gidajenmu, cewa wannan allura na shanye ƙafa ko ta bar mutum da ciwon baya har abada. Shanyewa daga gare ta abu ne da ba kasafai ake gani ba ko kaɗan, kuma babban abin da ke jawo haɗarinsa shi ne maganin tsinka jinin da ba a faɗa ba. Abubuwan da aka fi gani ƙanana ne: jini ya sauka a ji jiri, rawar sanyi, fitsari ya ƙi fita na ɗan lokaci, wani lokaci ciwon kai mai tsananta idan an tashi zaune ya lafa idan an kwanta. Shi ma wannan yana da magani, a sanar kawai.

Ta biyu ita ce allurar cinya, kuma ita ce ginshiƙin daren farko. Likita zai ɗora na'urar sikanin a tsakiyar cinya ta ɓangaren ciki, ya hango jijiyar da ke ɗauko jin zafi daga gaban gwiwa, ya zuba magani kewaye da ita. Alfanunta shi ne tana rage zafi ba tare da ta kashe ƙarfin babban naman gaban cinya sosai ba, don haka ana iya miƙewa tsaye a ranar ko washegari. Akwai wadda aka fi yi a da, a matsematsi, wadda ke kashe zafi da kyau amma ta raunana cinya, gwiwa ta iya lanƙwashewa mutum ya faɗi. Ku tambayi wacce aka yi. Wasu likitocin kan ƙara wata a bayan gwiwa, wasu kuma likitan ƙashi ne ke zuba maganin cikin naman da ke kewaye da gaɓar kafin ya ɗinke. Wannan na da amfani domin allurar cinya ba ta kaiwa bayan gwiwa. Idan Hajiya ta ce gaba lafiya amma baya na zugi, ba allurar ce ta ƙi ci ba, iyakarta ke nan.

Allurar cinya guda kan yi aiki awa 12 zuwa 24. A wasu asibitocin akan bar siririn bututu a cinya, haɗe da ƙaramin famfo mai ɗiga magani kwana 2 ko 3. Mai irin wannan ya kiyaye alamun da ke nuna maganin ya shiga jini: ɗanɗanon ƙarfe a baki, leɓɓa su mutu, kunne ya riƙa ƙara, jiri, ko jiki ya riƙa fizga. Da an ga ɗaya, a matse bututun a kira ma'aikata nan take.

Mataki na uku: daren farko, inda aka fi yin kuskure

Ga yadda abin yakan faru. An fito daga aiki da hantsi, zuwa la'asar majinyaci na hira da 'yan dubiya, yana cewa ai abin ba kamar yadda ake faɗa ba ne. Ma'aikaciyar jinya ta kawo ƙwayoyi bayan isha'i, ya ce a bar su, babu inda ke masa ciwo. Can tsakar dare allurar cinya ta saki, kuma sau da yawa ba a hankali take saki ba, cikin ɗan lokaci zafi ke taso wa mutum gaba ɗaya. A lokacin ƙwayar da aka haɗiya tana buƙatar minti 30 zuwa awa guda kafin ta fara aiki, kuma zafin da ya riga ya hau ya fi wuyar saukarwa, sai an ƙara da magani mai ƙarfi, shi kuma ya kawo amai da jiri, washegari a kasa tashi motsa jiki.

Allurar nan rance ce ta awanni, ba kyauta ba. A cikin awannin ne ake shigar da magungunan baki su zauna a jini. Saboda haka duk abin da aka rubuta a sha bisa agogo, a sha shi bisa agogo, ko da ƙafa ba ta jin komai. Ku rubuta lokacin da aka yi allurar cinya, ku ƙirga awa 12, daga nan ku sa ido. Alamar sakinta ita ce fata ta fara jin taɓawa, ko a ji kamar ƙananan allurai na tsira a cinya da ƙwauri. Da an ji haka a nemi maganin da aka tanada, kada a jira.

Ma'aikata za su riƙa tambaya: daga 0 zuwa 10, zafin nawa ne? A nan tarbiyyarmu kan yi mana cikas. Dattijon Bahaushe da aka tarbiyyantar a kan dauriya zai ce "Alhamdu lillahi, da sauƙi" alhali gumi na keto masa, ita kuma ma'aikaciyar ta rubuta 2 ta wuce. Ku zauna da shi tun kafin aiki ku ce: "Baba, godiya ga Allah daban, lamba daban. Ka yi hamdala, sannan ka faɗi lambar." Ba a neman 0. Abin da ake nema shi ne zafin da zai bari a yi barci a kuma motsa ƙafa, wato wajen 3 ko 4 a kwance. In ya kai 7, a danna ƙararrawa. Ku kuma lura da fuska, da riƙe ƙarfen gado, da ƙin cin abinci, domin uwa kan ɓoye wa ɗanta ciwo don kada ta tayar masa da hankali.

Muddin ƙafa ba ta gama farfaɗowa ba, ba a sauka daga gado sai da ma'aikaci, ko da banɗaki ne kusa. Faɗuwa a kan sabuwar gwiwa na iya mayar da mutum ɗakin tiyata.

Mataki na huɗu: magungunan baki

Ana haɗa iri biyu ko uku ne masu aiki ta hanyoyi dabam-dabam, don a rage buƙatar mai ƙarfi.

Paracetamol ne tushe. Mutane kan raina shi saboda arharsa, amma idan ana shan giram 1 duk bayan awa 6 yana rage zafi sosai. Iyakarsa giram 4 a yini da dare, ƙasa da haka ga wanda bai kai kilo 50 ba ko mai ciwon hanta. A lura: Panadol, Fevadol da Adol duk abu ɗaya ne, kuma yawancin magungunan mura na ɗauke da shi. Haɗa su ba da sani ba na lalata hanta.

Na biyu masu rage kumburi, irin su Celebrex, Brufen da Voltaren. Suna da kyau ga ciwon gwiwa, amma ba na kowa ba ne. Mai ciwon ƙoda, gyambon ciki ko raunin zuciya kada ya taɓa su sai likita ya yarda, kuma ba a haɗa biyu. A zafin Makka, tsohon da ba ya shan ruwa sosai don gudun yawan zuwa banɗaki, ga hawan jini ga suga, idan ya ɗora Voltaren a kai ƙodarsa ce za ta biya. Ku ajiye gorar ruwa kusa da gado.

Na uku masu ƙarfi: tramadol, oxycodone, morphine. Amfaninsu na kwanakin farko ne, lokacin da zafi ya tsallake sauran, da kafin motsa jiki. Suna sa barci, tashin zuciya da taurin bayan gida, don haka a fara maganin laushin ciki tun ranar farko. Ba a haɗa su da maganin barci. Idan majinyaci ya yi nauyin barcin da tashinsa ke wuya, ko numfashinsa ya ragu, gaggawa ce. Kuma a nan Saudiyya waɗannan magunguna, har da Lyrica, suna ƙarƙashin doka mai tsanani. A karɓe su daga asibiti da takardar likita kawai, a ajiye takardar. Kada ku roƙi mai zuwa Umara ya taho muku da tramadol daga gida, za ku iya jefa bawan Allah a kurkuku. Idan sun ƙare zafi bai lafa ba, likita za a koma wa. Ragowar kuma ba a ba maƙwabciya.

Akan yi allurar dexamethasone lokacin aiki don rage amai da kumburi. Tana ɗaga suga na kwana ɗaya ko biyu, masu ciwon su ƙara yawan awo.

Mataki na biyar: ƙanƙara, ɗaga ƙafa da motsi

Mu mun saba da gashi. Ciwo ya zo, sai tawul da ruwan zafi da man zafi. A makonnin farko bayan wannan aiki, akasin haka ake yi: ƙanƙara a nannaɗe cikin tawul, minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini, musamman bayan motsa jiki. Gashi yana ƙara kumburi, fatar da allura ta kashe kuma ba ta jin ƙuna, sai a ƙone ta ba a sani ba. Ita ma ƙanƙarar ba a ɗora ta kai tsaye a fata saboda wannan dalili. Man zafi, man zaitun, man habbatus sauda, babu wanda zai kusanci ɗinki. Ƙaho kuma a jingine shi gaba ɗaya, ga maganin tsinka jinin da ake bayarwa bayan aiki a jiki, ga haɗarin ƙwayar cuta ta kai ga ƙarfen.

Idan za a ɗaga ƙafa, a kwanta, a jera matasai ƙarƙashin sharaɓa da diddige har ƙafar ta fi ƙirji tsawo, gwiwa a miƙe. Kada a cusa matashi a ƙarƙashin gwiwar ita kaɗai. Yana da daɗi, shi ya sa kowa ke yi, amma gwiwar da ta saba kwana a lanƙwashe takan ƙi miƙewa daga baya, mutum ya ƙare da ɗingishi.

Duk wannan ɗawainiyar kashe zafi saboda motsi ake yin ta. Ma'aikatan gashin ƙashi, wato masu koyar da motsa jiki, ilaj tabi'i a nan, za su zo tun ranar farko ko ta biyu da abin dogarawa mai ƙafa huɗu. A sha magani minti 30 zuwa 45 kafin zuwansu. Abin da ake so shi ne gwiwa ta miƙe sarai, ta kuma lanƙwasu zuwa digiri 90 cikin kimanin mako 2, daga nan a doshi 110 zuwa 120. Makonni 6 na farko su ne masu daraja, domin tabon ciki na yin tauri, gwiwar da aka bari don tsoron zafi kuma wani lokaci sai an sake sa mutum barci an lanƙwasa ta. A nan tausayin 'ya'ya kan yi ɓarna. "Ku ƙyale Inna ta huta" magana ce mai daɗin ji, amma hutun yini guda cur a gado yana ƙara tauri da kumburi da haɗarin gudan jini. Gajeriyar tafiya sau da yawa ta fi doguwa sau ɗaya. Idan zafin bayan motsi ya kwana har washegari da ƙarin kumburi, an zarce, a rage kaɗan, kada a daina.

Mataki na shida: gida

A shirya gidan kafin sallama. Zaman majalisi a ƙasa da katifar ƙasa sun tsaya tukuna: gado, da kujera mai tsayi mai hannuwa. Banɗakin tsuguno ba zai yiwu ba, a sayi kujerar banɗaki. A naɗe ƙananan dardumai, a kula da santsin tayil bayan alwala. Masu zama a gidajen kan dutse a Makka ko benen da ba lifta su nemi a koya musu hawa tun a asibiti: lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, wadda aka yi wa aiki ce ke fara sauka.

Sallah a zaune ba abin damuwa ba ce. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba da izinin sallah a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Gwiwa ba ta cikin gaɓoɓin alwala, wahalar tana wajen wanke ƙafa, sai wani ya taimaka. Wanka kuma a tambayi likita yaushe bandejin zai iya shan ruwa. Zaman tahiya a ƙasa yana buƙatar lanƙwasawar da ta wuce abin da yawancin masu sabuwar gwiwa ke samu, don haka kada a tilasta, a tattauna batun sujada da likitan ƙashi bayan watanni. Idan jinyar ta faɗo cikin Ramadan, mara lafiya na da rangwamen ramawa, kuma magani duk awa 6 ba ya haɗuwa da azumi. Inda hali, a sa ranar aikin nesa da watan.

Dare ya fi rana wuya, kuma hakan kan ɗauki makonni. A daidaita shan magani ya faɗo dab da kwanciya, a sa ƙanƙara kafin barci. Wajen janye magani, mai ƙarfi ne ke fara tafiya, a bar na dare da na kafin motsi zuwa ƙarshe, paracetamol ne na bayan kowa. Maganin hana gudan jini, allurar Clexane ce ko ƙwaya, a cika kwanakinsa ko an ji sauƙi. Ana cire ƙarafan ɗinki bayan kwana 10 zuwa 14.

Wasu abubuwan ba na tsoro ba ne: ɗumi da kumburin gwiwa na watanni, ƙaramar ƙara idan ana tafiya, da wani yanki na fata a gefen waje na tabon da ba ya ji. Sauƙi na ci gaba har shekara guda. Kusan mutum 1 cikin 5 kan ci gaba da jin wani ciwo bayan watanni, mai irin wannan ya nemi a tura shi asibitin kula da raɗaɗi, musamman idan zafin kamar ƙuna ne ko jan lantarki. Wanda ya zo daga Najeriya ko Nijar don aikin kada ya yanki tikitin komawa sai likita ya sa rana, domin zaman jirgi na awanni bayan aikin ƙafa na ƙara haɗarin gudan jini.

Zafin da ba a jira da shi

A koma asibiti a ranar idan sharaɓa ta kumbura tana ciwo, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko ɗinki na zubar da ruwa ko mugunya, ko ja na yaɗuwa, ko zafi na ƙaruwa kullum maimakon raguwa. Haka idan ƙafa ba ta farfaɗo ba bayan lokacin da likita ya faɗa, ko tafin ƙafa ya ƙi ɗaguwa, ko yatsu sun yi sanyi sun canza launi. Ciwon baya mai tsanani tare da sabon raunin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari bayan allurar gadon baya na buƙatar dubawa cikin awanni. Numfashi ya yi wuya farat ɗaya ko ƙirji ya riƙe, a kira motar agaji ta Hilal Ahmar a 997, a yankin Makka da Jidda kuma 911 na aiki. Tambayar da ba ta gaggawa ba, kamar ko wannan ƙwaya na haɗuwa da waccan, layin Ma'aikatar Lafiya 937 na amsawa dare da rana. Ku rubuta lambobin nan da ta asibitinku a saman takardar magani, ku manna ta a jikin bango kusa da gadon.